Katifa Ma Tana Ɗaukar Karatu

Ƙannena maza da mata, akwai karatun da ake biya muku kullum ba tare da an nemi izininku ba. Ba a aji ake yin sa ba, babu allo, babu malami, kuma babu mai faɗuwa jarrabawarsa. Jikinku ne ke ɗaukarsa, dare da rana, daga duk abubuwa biyun da kuka yawaita haɗa su wuri guda. A kan wannan karatu nake so mu yi magana, domin na ga ya shiga tsakanin da yawanku da barci, kuma abin da ya shiga tsakanin ɗalibi da barcinsa ya riga ya shiga tsakaninsa da iliminsa.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A yanka lemon tsami a gabanka, tun kafin ya taɓa harshenka yawu ya cika maka baki. Jaririn da bai taɓa ɗanɗana shi ba kuwa, ko a jikinsa. Akuyar gida da ta ji an ƙwanƙwasa kwanon dusa sai ta hau jan igiya tana kuka, alhali ko ƙanshin dusar bai iso gare ta ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Maimaici ne malaminta.

Wanda ya fara sa wa wannan al'amari ma'auni shi ne Ivan Pavlov, masanin aikin jiki ɗan ƙasar Rasha, ɗan wani limamin coci, wanda aka haifa a 1849. Shi narkewar abinci yake bincike a kai a birnin St. Petersburg, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1904. Yakan yi wa kare ƙaramar tiyata a kunci, ya karkato da magudanar yawu zuwa waje, a maƙala 'yar kwalba a wurin, yadda za a iya ƙirga yawun ɗigo-ɗigo idan an sa wa karen garin nama a baki. Sai wata matsala ta riƙa ɓata musu lissafi: karnukan da suka daɗe a wurin suna fara dalala tun kafin nama ya zo, da zarar sun ga mai kawo abincin ko sun ji takunsa. Wani zai ɗauki wannan a matsayin cikas ya nemi hanyar kauce masa. Pavlov ya mayar da shi aikin sauran rayuwarsa. Ya ɗauko abubuwan da babu ruwansu da abinci, irin su wata 'yar na'ura mai bugawa ƙwas-ƙwas da makaɗan Turai ke daidaita kiɗa da ita. A kunna ta, a ba kare nama. A sake kunna ta, a sake ba shi. Bayan an maimaita, sai aka kunna ta babu nama, yawu ya ɗiga a kwalba.

Ya kuma gano abubuwa biyu da nake so ku riƙe, don za mu bukace su nan gaba. Na farko, idan aka yi ta kunna na'urar ba a biyo ta da nama ba, yawun yakan yi ta raguwa har ya tsaya. Ke nan abin da aka koya ana iya kwance shi. Na biyu, bayan an huta na wani lokaci aka dawo aka sake kunnawa, sai yawun ya sake ɓullowa, ko da yake bai kai na da ba. Tsohon karatun bai goge ba, sabo ne ya hau kansa ya danne shi.

Ba yawu kaɗai ake koya wa jiki ta wannan hanya ba. A 1920, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Watson da Rosalie Rayner sun gwada abin a kan wani jariri da bai cika shekara ba, wanda aka san shi a littattafai da suna Albert. Da farko yaron ba ya tsoron farin ɓera, har hannu yake miƙa masa. Sai suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayan kansa duk lokacin da ya kai hannu. Ba a daɗe ba, ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka, kuma tsoron ya yaɗu zuwa zomo da rigar gashi. An tafi da yaron ba a cire masa tsoron ba. Zalunci ne, kuma yau babu jami'ar kirki da za ta yarda a yi irinsa. Amma duk lokacin da na tuna da shi, sai in tuna da yaranmu da ke cewa kansu ba ya ɗaukar lissafi. Da yawansu kansu lafiya lau. Abin da ya faru shi ne, tun suna firamare lissafi da bulala tare suke shigowa aji, har ya zama ganin lambobi kaɗai na sa gabansu faɗuwa. Bushara ita ce, a 1924 wata mai bincike, Mary Cover Jones, ta nuna ana iya juya abin: wani yaro mai tsoron zomo, ta riƙa ba shi abincin da yake so alhali zomon na can nesa, kullum a matso da shi kaɗan, har yaron ya iya taɓa shi.

Akwai kuma wani nau'in koyo na biyu, wanda ya fi shafar abin da muke aikatawa da hannunmu. B. F. Skinner na jami'ar Harvard ya sa ɓera mai jin yunwa a cikin akwati mai ɗan ƙarfen dannawa. Ɓeran na cikin kai-komo sai ya taka ƙarfen, ƙwayar abinci ta faɗo. Kafin wani lokaci ya zama gwanin dannawa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: aikin da lada ya biyo bayansa yakan yawaita. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da Skinner ya gani da ya canza tsarin biyan ladan, musamman a gwaje-gwajensa da tattabaru. Tattabarar da ake ba ta hatsi duk lokacin da ta caki maɓalli, idan aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Amma wadda ake ba ta jefi-jefi, wani lokaci bayan caka uku, wani lokaci bayan talatin, ba tare da ta san yaushe ba, ita ce ke dagewa ba ƙaƙƙautawa, kuma ita ce ke daɗewa tana caka ko bayan an rufe hatsin gaba ɗaya. Skinner da kansa ya nuna cewa a kan wannan tsari injinan caca ke tafiya. Shi ya sa matashin da cacar ƙwallo ta cinye masa jari ba ya jin maganar wanda ke lissafa masa asararsa. Cin da ya taɓa yi sau ɗaya, ba zato ba tsammani, ya fi asara hamsin ƙarfi a ransa.

To yanzu ku leƙa cikin gidan sauro da ƙarfe ɗaya na dare. An ɗauke wuta, gida ya yi tsit in ban da ƙugin janareton maƙwabta. Yaro na kwance a gefe guda, hasken waya ya haske masa fuska, ya rage ƙara don kada yayansa da ke gefe ya farka. Babban yatsansa na tura hotuna sama. Wannan bidiyon ba daɗi, ya wuce. Wannan talla ne, ya wuce. Wannan ya riga ya gani. Na bakwai ya ba shi dariya har ya toshe baki da zane. Sai ya ci gaba, domin wa ya san ko na gaba ya fi wannan? Ya leƙa WhatsApp ko an ba shi amsa, ba a ba shi ba, ya koma TikTok, bayan minti biyar ya sake leƙawa. Idanunsa na yaji, ya yi hamma ta fi a ƙirga, ya san gobe akwai makaranta. Ba na kiran wannan yaro malalaci, kuma ba na cewa ba shi da tarbiyya. Tsarin ladan da ya fi kowanne kama rai aka ɗora shi a kai, kuma ƙwararrun da aka biya kuɗi masu yawa ne suka tsara manhajojin don a daɗe a cikinsu. A nan ƙasarmu ma sai aka ƙara da datar dare mai araha, wadda ba ta fara aiki sai lokacin da ya kamata ɗalibi ya yi nisa a barci.

Ɓarnar ba a awannin da aka ƙona kaɗai ta tsaya ba, kuma nan ne zuciyar maganata. Katifa ma alama ce, kuma jiki na karanta ta. Ga wanda ya saba in ya kwanta sai barci, taɓa matashin kai kaɗai na sa jikinsa saki, numfashinsa ya lafa. Amma wanda ya shafe watanni yana hira, yana kallo, yana musu a kan ƙwallo, yana karanta labaran tashin hankali a kan katifar nan, ya koya wa jikinsa cewa nan wurin farkawa ne. Ranar da ya yi niyyar kirki ya ajiye wayar ya kwanta da wuri, sai ido ya bushe ƙamas. Ya juya dama, ya juya hagu, ya fara lissafin awannin da suka rage kafin asuba, lissafin ya ƙara tayar masa da hankali. Yanzu katifar ta sake ɗaukar wani sabon darasi: nan wurin damuwa ne. Shi ya sa za ku ga mutum na gyangyaɗi a kan benci a ƙofar gida, ko a cikin mota, amma da ya shiga ɗaki ya kwanta sai barcin ya gudu.

Me ake asara idan barci ya gudu? An daɗe ana ɗauka barci mutuwar wucin gadi ce ga ƙwaƙwalwa, ta kashe fitila sai da safe. A 1953, a jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka wallafa abin da ya rushe wannan zato. Aserinsky ya maƙala wayoyin awo a kan masu barci, cikinsu har da ɗansa ɗan shekara takwas, sai ya ga akwai lokutan da idanu ke zirga-zirga da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa kuma na aiki tamkar mai ita a farke yake. Idan aka tashi mutum a wannan lokaci, galibi yakan ce mafarki yake yi. Daga nan aka fahimci barci hawa-hawa ne. Ana fara shi da mara nauyi, a gangara zuwa mai nauyi wanda ko an kira sunanka ba ka ji, sannan a hauro zuwa barcin mafarki. Kowane zagaye na ɗaukar kimanin minti 90, kuma a dare guda akan yi huɗu zuwa shida. Zagayen ba iri ɗaya ba ne: barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, kuma a cikinsa ne jiki ya fi sakin sinadarin da ke sa girma da gyaran tsoka. Barcin mafarki kuwa ya fi tsawo can wajen asuba.

A cikin barcin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure tsokokin jiki, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya ji idonsa biyu amma ya kasa motsi, ya kasa magana, ƙirji ya yi nauyi. Wannan shi ne abin da muke kira dannau, kuma likitoci sun lura ya fi samun masu ƙarancin barci, da waɗanda ba su da tsayayyen lokacin kwanciya, da masu kwanciya rigingine. Ka yi addu'arka, ka kuma duba ƙarfe nawa kake kwanciya.

Ga ɗalibi kuwa, babban abin shi ne abin da barci ke yi wa karatu. Tun a 1924, John Jenkins da Karl Dallenbach na jami'ar Cornell sun sa ɗalibai biyu haddar jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, goma-goma. Wani lokaci su haddace su kwanta, wani lokaci su haddace su shiga harkokin yini. Bayan awa takwas na barci sun riƙe fiye da rabi. Bayan awa takwas a farke, da ƙyar suke tuna ɗaya. Mutum biyu ba su isa hujja ba, amma an yi ta maimaita irin wannan gwaji shekara da shekaru, ana samun barci na taimakon riƙo. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka hango yadda abin ke gudana. Sun sa siraran wayoyi a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hifokamfus, inda sabon abin da aka koya ke fara sauka. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran ke yawo a wurin neman abinci, su ne suka sake yin aiki tare bayan ya yi barci. Ɓeran na kwance, ƙwaƙwalwarsa na bita.

Ku ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin ɗan kasuwa mai ƙaramin tebur a bakin shago da babban sito a ciki. Duk kayan da aka sauke masa da rana a kan tebur suke taruwa. Sai ya rufe ƙofa da dare sannan yake samun sukunin ware su, ya kai kowanne inda ya dace a sito, tebur ya zama fili don kayan gobe. Ɗalibin da ya ce zai kwana yana karatu saboda WAEC ko JAMB, ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, ya cika baki da goro, ya hana a rufe shago ke nan. Yana ta jibga kaya a teburin da ya riga ya cika. Gobe a ɗakin jarrabawa zai ga tambaya, ya san ya karanta ta jiya, har yana iya tuna gefen shafin da take, amma amsar ta ƙi zuwa. Masu haddar Alƙur'ani da yawa sun san amfanin biya sabon karatu da dare sannan a sake bi ta kansa da asuba, sukan tarar ya zauna fiye da yadda suka bar shi. Wannan tsari ya dace da kowane irin karatu.

Na san abin da wasunku za su ce: ni awa biyar ta ishe ni, na saba. Wannan magana an gwada ta. A 2003, Hans Van Dongen da abokan aikinsa a jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa lafiyayyun mutane barci zuwa awa shida ko huɗu kowane dare, har kwana 14, ana gwada natsuwarsu da saurin hankalinsu kullum. Ƙoƙarinsu ya yi ta zamewa ƙasa, har a ƙarshe suka yi daidai da mutanen da suka kwana ɗaya ko biyu cur ba su runtsa ba. Abin tsoron shi ne, da ake tambayarsu yadda suke ji, bayan 'yan kwanakin farko sai suka riƙa cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Sun saba da jin gajiyar, amma kurakuransu na ta ƙaruwa. Masana barci sun ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga mai shekara 13 zuwa 18, da aƙalla awa 7 ga babba. Ku kuma da ke tuƙin Keke ko babur ko motar haya don haɗa kuɗin makaranta, ku ji wannan da kyau: wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 a farke, kuzarin hankalinsa da na hannunsa kan ragu daidai da na wanda ya sha giyar da ta kai iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Daƙiƙa uku ya ɗauke ka a kan titin Kano zuwa Zariya sun isa su jefa gidaje da yawa cikin makoki.

Ba zan ɗora muku laifin duka ba. Akwai agogo a cikin jiki, kuma haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi. Da zarar yaro ya balaga, wannan agogo kan ja baya, melatonin ya riƙa makara, shi ya sa ɗan shekara 16 ba ya jin barci a lokacin da ƙanensa ɗan shekara 8 ya riga ya yi laƙwas. Halitta ce, iyaye ma ya kamata su san da haka. Amma haske a ido da tsakar dare na ƙara tura agogon baya, hasken safiya kuma na jawo shi gaba. Sai kuma shayi. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma taruwarsa ce ke kawo nauyin ido da dare. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da Nescafé da lemukan ƙara kuzari ba ya kawar da adinosin, toshe wurin da yake sauka kawai yake yi, gajiyar na nan tana jira. Kuma yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha a teburin mai shayi da ƙarfe tara, mai kauri da garin kofi a kai, rabin ƙarfinsa na yawo a jininka da ƙarfe biyu na dare. In zaman majalisar ne ba ka so ka rasa, zauna, ka ci burodinka da ƙwai, a haɗa maka madara da ruwan zafi.

Yaya za a sake koya wa katifa aikinta? A 1972 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Bootzin, ya tsara hanyar magance rashin barci a kan wannan ƙa'ida ta Pavlov, kuma har gobe tana cikin abin da likitocin barci ke fara ba mutane kafin a kai ga ƙwaya. Kada ka kwanta sai ka ji barci na gaske. Kada ka yi kallo ko hira ko karatu ko cin abinci a shimfiɗar barcinka. Idan ka kwanta ka ga kamar minti ashirin sun wuce barci bai zo ba, kada ka tsaya kokawa da shi: tashi ka zauna a wani wuri cikin haske kaɗan, ka yi abu mai sanyaya rai, sai idonka ya yi nauyi ka koma. In ya sake ƙi, ka sake tashi. Sannan ka tashi da safe a lokaci guda kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin sauran, kuma mai tashi sallar asuba ya riga ya samu shi a hannu. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙirga baya: in ƙarfe biyar zai tashi, sha biyun dare ba lokacin kwanciyarsa ba ne.

Na san yawancinku ba ku da ɗakin karatu daban. Ɗaki ɗaya ne, ku huɗu ko biyar, katifar ita ce kujera, ita ce tebur. Jiki ba ya neman gida mai ɗakuna da yawa, bambanci kawai yake nema wanda zai iya ganewa. Shimfiɗa tabarma a gefe, ko ka zauna a dakali, ko a zaure, ya zama nan ne wurin littafi. In ma dole sai a kan katifar, to ka yi karatun a zaune, ka jingina da bango ta wajen ƙafa, kwanciya da matashin kai su zama na barci kaɗai. Wayar kuwa, kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka da tsakar dare, lokacin da ƙarfin zuciyar kowa ya fi rauni. Yanke hukuncin tun da sauran haske: a sa ta caji a inda sai ka miƙe tsaye za ka kai gare ta, ko ka danƙa wa Umma ko yayarka ta ajiye maka sai da safe. Ka kashe ƙararrawar saƙonni, domin kowace ƙara kira ce da hannunka ya riga ya koyi amsawa kafin ka yi tunani. Ka kuma kafa wa kanka 'yan ayyuka da za ka riƙa yi a jere kowane dare, iri ɗaya, lokaci ɗaya: wanke baki, alwala ko watsa ruwa lokacin zafi, sakin gidan sauro, addu'ar kwanciya. Bayan 'yan makonni jerin da kansa zai zama alamar da ke kiran barci. Ƙailula ma tana da amfani, musamman a watannin bazara da zafi ke hana barcin dare, amma ta zama gajera, minti ashirin zuwa talatin bayan azahar. Wadda aka kai ta har bayan la'asar daga barcin dare take ci.

Ku sa ran makon farko zai yi wuya. Hannu zai riƙa lalube ƙarƙashin matashin kai yana neman abin da babu. Kuma wata rana, bayan kun ɗauka kun rabu da abin, za ku tsinci kanku da waya a hannu da ƙarfe biyu na dare, watakila lokacin hutu ko daren biki. Wannan shi ne yawun da ya sake ɗiga bayan an huta. Ba alamar kun kasa ba ce, kuma ba dalilin watsar da tsarin ba ne. Washegari ku tashi a lokacinku, ku ci gaba daga inda kuka tsaya. Kada kuma ku hukunta kanku da zagi da ƙunci. Skinner ya daɗe yana jan hankali cewa horo mai zafi danne hali yake yi na ɗan lokaci, ba ya koyar da abin da ya kamata a yi a madadinsa. Ku yi amfani da lada maimakon haka, ku sa shi a inda zai yi muku aiki: kallon da kuke so ya zo da yamma, bayan an gama shafukan da aka ɗibar wa ranar, ya zama karatu ne ƙofar shigarsa.

Akwai kuma rashin barcin da ya wuce gyaran shimfiɗa. Idan ka yi wata uku kana fama, dare uku ko fiye a kowane mako, har abin na taɓa karatunka ko aikinka, ka je asibiti. Haka idan rashin barcin ya zo tare da baƙin ciki mai nauyi wanda ya ƙi wucewa, ko fargaba, ko ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so. Haka kuma idan abokan kwananka sun ce kana minshari mai ƙarfi, numfashinka na tsayawa sannan ka farka a shaƙe, kana kuma wuni da gyangyaɗi ko ka kwanta da wuri. Wannan ciwo ne sananne da ke da alaƙa da hawan jini, kuma ana maganinsa. Abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada ku je kemis ku sayi ƙwayar barci da kanku, kada kuma ku karɓi maganin tari mai kodin ko wata ƙwaya daga hannun aboki don wai ta kwantar muku da hankali. Jiki kan saba da su da sauri, adadin da ya yi aiki a watan farko ba ya yi a na biyu, kuma ranar da aka daina, rashin barcin kan dawo fiye da yadda yake da. Wanda ya riga ya fara sha kullum, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai, domin wasu daga cikin ƙwayoyin nan yanke su farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Ya gaya wa babban da ya amince da shi a gida, su je wurin likita tare, a tsara masa yadda zai rage a hankali.